Kabewar Bakanike

Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti, abokan aikinsa direbobin bas suka hawo mana bene da wani akwatin gilashi, suna nishi suna yi wa juna tsiya a kan matakala. Wai ɗaya daga cikinsu ne ya ji an ce kallon kifi yana kwantar da hawan jini. Suka dire shi a falo kusa da doguwar kujera, suka zuba tsakuwa da ruwa, suka jona ɗan injin da yake hura iska, sannan suka kwance ledar kifayen a ciki. Ƙanana ne, jajaye da masu ruwan ɗorawa, sai guda ɗaya da ya fi su girma, mai launin ƙasa da ɗigo-ɗigo. Shi wannan bai tsaya gaisawa da kowa ba, ya nutse ya shige ƙarƙashin wani guntun itace. Jelarsa kawai ake gani.

"Wancan ba ruwanku da ba shi abinci," in ji mai ƙaton tumbin cikinsu. "Mai shara ne. Dattin ruwan yake ci."

Baba ya ɗago daga kwance ya leƙa. "Wannan ai bakanike ne," ya ce. "Ku dubi yadda ya shige ƙarƙashin mota, ƙafafu kawai a waje."

Suka yi ta dariya. Sunan kuwa ya bi kifin.

Tun kafin a haife ni Baba yake tuƙa bas ɗin cikin gari. Jiri ne ya ɗebe shi wata safiya a tasha, Allah ya taimaka motar a tsaye take. Likitan kamfani ya faɗa masa ba tare da kwana-kwana ba: ba zai sa hannu ya koma kan sitiyari ba sai jininsa ya sauko. Idan hutun da aka ba shi ya ƙare aka sake awo bai sauko ba, za a miƙa wa wani motarsa. Ya rubuta magani, ya kuma ce a cire gishiri daga abincinsa.

Zaman gida bai karɓi Baba ba. Yakan tashi da wuri kamar mai zuwa aiki, ya goge rigar kamfani ya mai da ita kan maratayi. In bas ta tsaya a ƙasan gidanmu, ba sai ya leƙa ba, daga ƙarar birki yake faɗin wanda yake tuƙi. "Wannan yaron zai cinye birkin nan kafin wata ya ƙare," zai ce.

Maganar gishiri kuwa, a gidanmu ba ƙaramar magana ba ce, saboda Kaka. Kaka mahaifiyar Baba ce, kuma a kicin ɗin wata makarantar kwana ta ƙare ƙuruciyarta tana dafa wa ɗaruruwan yara. Har yau da tsohuwar rigar girkinta mai aljihu a gaba take shiga kicin. Mama a masaƙa take aiki, ta fita da safe ta dawo da yamma, don haka tukunya ta Kaka ce. Amma da aka dawo daga asibiti Mama ta kwashe gishirin gidan ta kai wa maƙwabta, ta riƙa tashi da asuba tana dafa na Baba da kanta. Baba yakan jujjuya cokali a ciki, ya ci loma kaɗan, ya ce ya ƙoshi. Kaka tana zaune tana kallon kwanon yana komawa kicin kusan yadda ya fito.

Ba a daɗe ba ta ce wa Mama, "Ki huta, 'yar nan. Aiki a waje aiki a gida, ai sai ki karye. Zan yi masa yadda likitan ya ce."

Mama ba ta iya haɗa ido da surukarta, balle musu. Ta ce to. Daga ranar Baba ya fara cinye abincinsa tas.

Ni na ga dalili. Wata rana na shiga kicin ɗaukar ruwa, na tarar da Kaka ta ba ƙofa baya. A tukunya babu gishiri, kowa ya ɗanɗana zai shaida. Sai da ta zuba na Baba a kwanonsa, sannan ta zaro wani ɗan gwangwanin man shafawa daga aljihun rigar girkin, ta tsoma yatsu, ta barbaɗa, ta juya. Na koma da baya a hankali, ƙishirwar ma ta tafi.

Mama kuwa ta riga ta ce mini, "Tabarau, ke ce kike dawowa da rana. Ki sa mini ido." Tabarau suke kirana a gida saboda gilashin idona. Na sa idon, na kuma gani, amma bakin ne babu. Ni ko a aji aka kira sunana sai muryata ta shige ciki. A banɗaki na shirya maganar da zan faɗa wa Kaka, na gyara ta, na canza mata farko, na sake gyarawa. In na fito na gan ta sai in tambaye ta ko tana son ruwa. Shi ma Baba ya sani, harshensa ai bai mutu ba. Amma wa zai ture kwanon da uwarsa ta ajiye masa? Yakan sauka kantin magani na bakin layi a auna shi, ya dawo ya ce, "Yana nan inda yake," ya zauna gaban kifi.

Shi ya fara lura da Bakanike. Kifin yana da baki a ƙasan kai kamar na roba, yakan manna shi a jikin gilashi ya yi ta tsotsa, ka ga cikinsa sarai. Baba ya kira ni wata rana ya nuna mini.

"Dubi cikin nan. Kamar tayar da ta sace. Da ba haka yake ba."

Gaskiya ne. Cikin ya lotsa, idanun ma sun faɗa.

"Sunan shagon da aka sayo su yana jikin ledar da suka zo da ita," in ji Baba. " Ki je ki tambayo mana."

Na so in ce bari in duba a littafi, amma ɗakin karatun makarantarmu kifin teku kawai ya sani. Na hau bas na tafi. Direban ya gane ni, ya ce in gaishe da Baba in ce masa wanda aka ba motarsa na wucin gadi ya sauya wa kujerar zama. Ban isar da rabin saƙon na biyu ba.

Shagon siriri ne, akwatunan gilashi hagu da dama har sama, ga ɗumi da warin tafki, ga gurnanin injina. Mai shagon mace ce, hannayen rigarta a jiƙe har gwiwar hannu, tana bin wani kifi da 'yar raga. Na tsaya a bayanta har sai da ta juyo da kanta.

"Saya za ki yi ko hoto kike ɗauka da ido?"

Na ce mai shararmu ne ba shi da lafiya.

"Mai shara." Ta yi tsaki, amma na ga ba da ni take ba. "Kowa haka yake cewa. Ke, mai sharar layinku in ya tashi daga aiki shara yake ci?"

Na ce a'a.

"To. Gilashin naku yana yin kore?"

"Kakata tana wankewa."

"Kullum?"

"Har da ƙarƙashin itacen."

Ta ajiye ragar ta yi dariya. "Allah ya ba Kaka lafiya, ta wanke masa tukunya da abincin a ciki. Wannan gansakukar ita yake kankara. Abincin da kuke barbaɗawa kuma a sama yake tsayawa, ƙananan nan masu haɗama su cinye kafin ya sauka. Shi na ƙasa sai dai ya ji labari."

Ta ce in samu kabewa ko gurji, ko ganyen alayyafo, ko karas. In wanke, in yanka da ɗan kauri, in sulala a ruwan zafi kaɗan don ya yi laushi, in bari ya huce. Ba gishiri, ba mai, ba komai. In sa da yamma, in cire da safe kafin ya ruɓe ya ɓata ruwan.

"Kuma kar ki karaya in ya ƙi," ta ce. "Bai san abinci ba ne. Wanda bai taɓa ganin kabewa ba, dutse zai ɗauke ta. Ki cire, ki sa sabuwa, ki sake. Yunwa da sabo za su kai shi."

Na dawo ina maimaita maganar a raina kamar hadda, har na kusa wuce tasharmu.

Kaka ta saurare ni tana tsince shinkafa. Da na zo kan ba gishiri ba mai, sai ta ɗago.

"Ruwan zafi kawai?"

"Haka ta ce, Kaka."

"Ita mai shagon tana da miji?"

"Ban tambaya ba."

"In tana da shi, a yi masa addu'a." Ta yanko mini kabewa da kanta, siririya kamar tana ba da zakka. "Ga shi. Amma kar ki ce daga kicin ɗina ta fito. Ni ban taɓa fitar da abu lami ba, ko ga ɗan da ya zage ni."

Na sulala, na huce da ita, na jefa. Ta yi ta yawo a saman ruwa kamar kwale-kwale, ƙananan suna bin ta. Na danna da yatsa, ta nutse, na saki, ta taso. Baba yana dariya har da riƙe ciki, rabon da in ji wannan dariyar tun kafin asibiti. Shi ya ce in soke ta da cokali mai yatsu don nauyinsa ya kai ta ƙasa. Kaka ta ce cokalinta da ta zo da shi tun daga makaranta ne za a bai wa kifi? Baba ya ce ai aro ne. Cokalin ya sauka da kabewar a hankali, ya kwanta a kan tsakuwa, daf da jelar Bakanike.

Bai ko juyo ba.

Da safe kabewar tana nan yadda take. Na cire, da yamma na sa gurji. Shi ma haka. Na gwada alayyafo, ya kwana ya yi yaushi, ba wanda ya taɓa. Cikin Bakanike sai ƙara lotsawa yake, Baba ya daina dariya.

"Kin gani ko, Tabarau," Kaka ta ce tana tsaye a kaina da safe, ina tsamo ganyen. "Ko kifi ya san lami."

Ranar nan da na dawo daga makaranta, tun daga matakala na ji ƙamshin soyayyar albasa. Na buɗe ƙofa na tarar da Baba tsaye a gaban akwatin, hannu ɗaya a kan bango. Barci ya yi, ya farka ya ga abin da ya gani. Ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa a ciki. Mai ya shimfiɗu a sama yana ƙyalli. A ƙasa ga tulin soyayyar kabewa da albasa da jan barkono, Kaka ba ta iya zuba abinci kaɗan ba. Ƙananan kifayen duk sun taso suna buɗe baki a ƙarƙashin man, ɗaya ja ya riga ya juya ciki sama. Bakanike da ba ya barin ƙasa ya manne can sama kusa da bakin ruwa, launinsa ya koɗe.

Kaka tana gefe da ludayi a hannu.

Ban san inda na samo natsuwa ba, wataƙila don ba magana ake buƙata ba. Na tsame kabewar da matacin shayi. Baba ya ce a shimfiɗa takarda a saman ruwan, haka suke ɗauke mai a gareji, sai na yi ta yage tsakiyar tsohon littafina ina shimfiɗawa ina ɗagawa. Muna da ruwan da ya kwana a bokiti, na riƙa kwashe na akwatin da kofi ina mayar da sabo kaɗan-kaɗan. Baba ya sunkuya zai ɗaga bokitin, sai na ga ya runtse ido ya dafe kujera. Jijiyar gefen kansa tana harbawa, ina ganinta daga inda nake. Na ce ya zauna. Ya zauna ba musu, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Sai da ruwan ya fara washewa, Bakanike ya saki gilashin ya sauka a hankali ya koma ƙarƙashin itacensa. Na naɗe jan da ya mutu a takarda.

Kaka ta zauna a hannun kujera. Muryarta ta yi ƙasa. "Ni da na yi don ya ci," ta ce. "Na ga yana ramewa a gabana. Don ya ci na yi."

Duk maganganun da na shirya a banɗaki ba wadda ta zo. Wata ce daban ta fito, ƙarama, ina kallon takardar da ke hannuna.

"Na Baba ma don ya ci kike yi, Kaka."

Kaka ta dube ni, ta dubi Baba, hannunta ya kai kan aljihun rigar girkin ya tsaya a nan. Ta tashi ta shiga ɗakinta ta turo ƙofa.

"Ba a yi wa babba haka," Baba ya ce.

Na ce ya yi haƙuri.

Ya dubi ruwan. "Ni ya kamata in faɗa," ya ce. "Tun tuni."

Da yamma Kaka ta fito ta yi girki ba ta kula kowa ba. Ta dire kwanon Baba a gabansa har miya ta fantsalo. "Ga shi nan yadda likita da jikata suke so." Mama da ta shigo a gajiye ta dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ta ga ba wurin tambaya, ta zauna. Baba ya ci a hankali, yana tauna kamar mai cin magani. Rabi ya iya. Kaka ta bi ragowar da ido har kicin.

Ɗaki ɗaya muke kwana da ita. Washegari ba makaranta, na farka na gan ta zaune a bakin gado tana ɗaura ɗankwali. Na gaishe ta, ina jiran ta ƙi amsawa. Ta amsa.

"Ubanki yana ƙarami ya yi wata cuta," ta ce, ba ni take kallo ba. "Ya ƙi nono, ya ƙi kunu, ya zama kamar tsinke. Mutane har sun fara yi mini irin kallon nan. Sai na riƙa lasar gishiri a yatsa in taɓa masa a harshe, in ya motsa baki in ɗura masa cokali guda. Da haka ya tashi. Yanzu an zo an ce mini abin da ya tashe shi ne zai kwantar da shi. Ni lambar da na'ura take nunawa ba na ganinta. Kwano nake gani."

A littafi nan ne yarinya take faɗin magana mai hikima. Ni dai na matsa kusa da ita na zauna.

"Matar shagon nan ta ce in kifin ya ƙi a yi yaya?" ta tambaya.

"A cire, a sa sabuwa, a sake. Wai bai san abinci ba ne tukuna."

Ta jinjina kai. "Tashi mu je. Ki tsaya a kaina, kar hannuna ya yi abin da ya saba."

A kicin ta ɗora ruwa, ta yanka kabewa, wannan karon mai kauri. Da ruwan ya tafasa ta jefa, sai na ga hannunta na dama ya tafi aljihu da kansa. Ta kama shi da na hagu ta mai da shi bayanta, ta tsaya haka kamar ɗalibar da aka sa a layi, har kabewar ta yi laushi. Sannan ta zaro gwangwanin ta miƙo mini ba tare da ta juyo ba.

"Kai wa uwarki. Ki ce tsintarsa kika yi."

Na kai. Mama ta buɗe ta gani, ta rufe, ta sa a jakarta. Da za ta fita ta durƙusa ta gaida Kaka har ƙasa, ta daɗe a durƙushen.

Bakanike bai ci ranar ba, bai ci washegari ba. Kaka ce ta karɓi aikin. Kowace yamma ta sulala, ta soke da cokalinta, ta saukar, kowace safiya ta tsamo tana mita. Kwanon Baba ma yana dawowa da rabi. Ina ganin yadda abin yake cin ta, har ta fara rage nata abincin ba ta sani ba.

Wata safiya ta tashe ni da duka a ƙafa. "Zo ki ga mutuminki."

Kabewar tana jikin cokalin, amma tsakiyarta babu. An kankare ta har ɓawo, ta koma kamar awarwaro. Da rana Kaka ta kasa haƙuri ta sa wata, ta ja labule, ta kashe fitilar akwatin, ta jawo kujera ta zauna. Ni da Baba muna bayanta. Can sai jelar ta motsa. Ya fito da baya kamar mai fitowa daga ƙarƙashin mota, ya zagaya, ya hau kan kabewar ya manna baki. Ba ya ɗagowa, yana ci yana matsawa, yana barin farar hanya a bayansa. Wani ƙaramin ja ya zo leƙe, ya kaɗa masa jela.

"Ji marowaci," Baba ya ce.

Kaka ba ta yi dariya ba. Ta tallafe haɓa tana kallo. "Ba mai, ba gishiri," ta ce a hankali. "Ashe ba ƙi ya yi ba. Lokaci yake nema."

Daga nan kicin ɗinmu ya koma wurin gwaji. Kaka ta ce in an hana ta ƙofa ɗaya ai gidan yana da tagogi. Ta riƙa gasa albasa a hankali har ta yi ja ta yi zaƙi. Ta daka tafarnuwa da citta, ta soya tumatir har ruwansa ya ƙone, ta matsa lemun tsami a kan wake. Ba duka ne suka yi ba. Ranar da lemun ya yi yawa Baba ya kai loma ɗaya idonsa ya rufe, ya ce a kawo masa ruwa ya ga hanya. Wata rana kuma citta ta sa mu duka atishawa. In ta rasa wata dabara sai ta aike ni in duba mata a littattafan girki na ɗakin karatu, in karanto mata, ta ce, "Wannan marubucin bai taɓa riƙe ludayi ba," sannan ta gwada a ɓoye. Baba ya tashi daga rabi ya kai kusan duka. Wata rana ya ce dankali ashe yana da ɗanɗanon kansa, shi bai taɓa sani ba. Kaka ta ce ai ita ta sani tun tuni, ba a tambaye ta ba ne.

Gilashin bayan akwatin kifin kuma ta bar shi ya yi kore, duk da in ta wuce sai ta kau da kai. In baƙi za su zo takan jingina hoton bikin Mama da Baba a gefen don ya tare. Cikin Bakanike ya ciko. Ya koyi gurji, ya koyi karas, alayyafo dai har yau bai yarda da shi ba.

Ranar awo Kaka ta riga kowa shiri. Ta ce sai ta je ta ga na'urar da take ɓata mata suna. Mama ta nemi izini a masaƙa, muka tafi mu duka. A ɗakin jira Baba yana ta murza hularsa. Ni kuwa na karanta duk takardun da ke manne a bango, har da na yadda ake wanke hannu, ban fahimci ko ɗaya ba.

Nas ta kira shi, muka bi shi duk da ta ce mutum ɗaya. Ta naɗa masa abin a damtse, ya kumbura, ya saki. Ta ce ya huta kaɗan, ta sake. Likita ya shigo ya duba, ya buɗe awon baya ya kwatanta.

"Me kuka canza?"

Baba ya nuna Kaka da haɓa.

"Ya sauko sosai," likita ya ce. "Bai kai inda nake so ba, amma hanya ce mai kyau. Zan sa hannu ka koma, gajeren layi, da safe kawai. In ya ci gaba da sauka sai mu yi maganar cikakken aiki. Magani kar a fasa, abinci kuma yadda ake yi a ci gaba."

Baba ya sa hularsa, ya cire, ya sake sawa. Mama ta juya tana gyara mayafin da bai karkace ba.

Kaka ta matso ta zauna a kujerar da Baba ya tashi, ta naɗe hannun riga. "Auna ni, 'yata," ta ce wa nas. "Shekara da shekaru ina ɗanɗana tukunya, ko ciwon kai ba na yi. Ku gani da idonku."

Nas ta naɗa, abin ya kumbura, ya saki. Ta dubi lambar, ta dubi likita, ta sake aunawa.

"Mama," likita ya ce, yana jawo wata takardar, "naki ya fi wanda ɗanki ya zo da shi ranar farko."

Kaka ta dubi na'urar sama da ƙasa. "Wannan abin ba shi da tarbiyya," ta ce.

"Sai a haɗa ku tukunya ɗaya," in ji likita.

"Ai tukunyar tawa ce." Ta sauke hannun rigarta, ta miƙa mini takardar maganin. "Riƙe, Tabarau, ke ce mai idanu huɗu. Kai kuma Direba, tashi mu tafi. Mu biya kasuwa, tafarnuwata ta ƙare."